Wane ne Bafaranshe?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ku ba ni fili in yi tsokaci kan siyasar Faransa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2022 Marine Le Pen ta samu sama da kashi 41 cikin ɗari a zagaye na biyu, kuma jam'iyyarta ta RN na neman soke dokar da ke bai wa 'ya'yan baƙi da aka haifa a ƙasar damar zama 'yan ƙasa. Abin mamaki, lokacin da 'yan ƙwallo Kante da Pogba, waɗanda su ma 'ya'yan baƙi ne, suka ɗauko wa Faransa Kofin Duniya a 2018, kowa tafi yake yi. Ga kuma haramta abaya a makarantun gwamnati a 2023. To, yaron da aka haifa a Marseille, bai san Bamako ba, ina za a ce ya koma?

Naku,
Mai karatu daga Damagaram