Rahoton Ayyukan Shekara: Horon CPU na Aro da Maganar Kuɗin Wata

Ƴan uwa, assalamu alaikum.

An yi tarukan wata yadda aka saba, sai na watan azumi da aka ɗage.

Abin da ya fitar da mu kunya bana shi ne horon kwana 2 kan CPU na aro a Apache Mesos, manhajar da ke raba ƙarfin injinan kwamfuta tsakanin ayyuka. CPU na aro shi ne rarar ƙarfin sarrafawa da wani aiki ya kama bai ci ba, a ara wa wani bisa sharaɗin za a ƙwace da zarar mai ita ya waiwayo. Tun sigar 0.23 ta 2015 Mesos ke da wannan tsari, amma ma'aunin rarar da yake zuwa da shi a kunne ba ya ƙiyasta komai. Ɗaya ma'aunin da yake da shi kuma lamba ce da kai za ka rubuta, ba ta motsi ko injin na hutawa ko yana nishi.

Shi ya sa aka sa kowa lissafi da hannu. A karanta daƙiƙun CPU na kowace kwantena (keɓaɓɓen wurin da aiki ke gudana) daga cgroup (inda Linux ke ƙirga abin da ta ci) sau biyu, a raba bambancin da tazarar lokacin, a cire daga abin da aka ware mata. Inji mai CPU 8 da aka ware duka amma ana cin 3, rararsa 5. A bar 1 ko-ta-kwana, a ba da aron 4. Inda da yawa suka faɗi shi ne saka kwantenonin aro cikin lissafin, sai ya zama aro kan aro. Karatu ɗaya ma yaudara ne, gara matsakaicin karatu da yawa, tunda duk daƙiƙa 15 ƙiyasin ke iya canjawa. An gani da ido yadda aikin aro ke samun rabon fifiko 10 a kowane CPU, mai haƙƙi kuwa 1024, da yadda mai gadin lodi, wato sashen Mesos mai lura da nauyin aikin da ke kan inji, ke kashe dukkan ayyukan aro idan lodin minti 5 ko na 15 ya haye iyaka. Ɗakin ya ɗauki tafi a nan.

Ma'aunin namu da muka yi alkawari bai kammala ba, kuma ba lalaci ba ne. Gwajinsa na son injin ya yi mako a kunne, ga ɗaukewar wuta da zafin Afrilu, batir ɗinmu kuma ya mutu. Da me za a sayi sabo? Kuɗin da muke biya jaka ɗaya ce a wata, amma ba ko rabinmu da suka biya. Waɗanda ba a ganinsu sai ranar raba takardar shaida sun san kansu. Littafin ma'aji na buɗe ranar Asabar bayan La'asar. Mai bashi ya zo da kuɗinsa.