Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaba Tinubu: Ina Ayyukan Nan Miliyan Ɗaya?

Mai Girma Shugaban Ƙasa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ba zan ja gaisuwar ba, don cajin wayata bai kai rabi ba, kuma rabonmu da wuta a unguwa tun jiya da la'asar.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, a Dandalin Eagle da ke Abuja, ka ce tallafin mai ya tafi. Wannan magana ba ta kwana ba: cikin 'yan kwanaki litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Kano, a Oktoban 2024 kuma ta tsallake dubu. Amma akwai wata maganar da ka yi a cikin jawabin nan, ita ce ni na riƙe. Ka ce za ka cika alƙawarin samar wa matasa sababbin ayyuka miliyan ɗaya a fannin fasahar zamani, kundin manufofinka na Sabunta Fata ma har wa'adi ya yanka, wata 24. Wa'adin ya cika tun Mayun 2025. Ranka ya daɗe, ina ayyukan?

Abin da ya iso gare mu alƙaluma ne. A watan Agustan 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar da cewa marasa aikin yi kashi 4.1 ne kacal cikin 100, alhali ita ce ta ce 33.3 a ƙarshen 2020. Ba masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa ne suka farfaɗo ba, ba kuma masaƙun Kakuri aka buɗe ba. Mudu aka canza. A sabon lissafin, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a cikin mako, ya samu ko nawa ne, to ma'aikaci ne. Na san za a ce tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ne, kuma an fara shirinsa tun kafin ka hau mulki. Na yarda. Sai dai a kasuwar Dawanau idan mai hatsi ya rage girman tiya ya ce kaya ya yi araha, akwai sunan da ake kiran sa da shi.

Bisa wannan mudun ni ma ma'aikaci ne. Ina da digiri, na yi bautar ƙasa, yanzu ina tsare wa yayana teburin POS idan ya tafi masallaci ko cefane, ya ba ni na shayi. Abokina da ya karanta injiniyanci yana karɓar Keke Napep da daddare bayan mai ita ya tashi, shi ma ma'aikaci ne. Yaron da ke bin motoci da fiya wata a gadar Ƙofar Nassarawa, shi ma an ƙirga shi. Rahoton hukumar da kansa ya ce fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗannan "ma'aikata" buga-buga suke yi, ba albashi, ba fansho, ba tabbacin gobe. Wannan layin ba a cika karanto shi a taron manema labarai ba.

Haka aka yi wa hauhawar farashi: kashi 34.8 a Disambar 2024, aka sauya ma'auni, a Janairun 2025 ya koma 24.48. Gaskiya ne masara da shinkafa sun sauko daga baya, ban ƙi ba, ko da yake manomin da ya sayi taki da tsada shi ya biya kuɗin saukin.

Ka san ko su wane ne mu? Muna sakandare tattalin arziki ya durƙushe a 2016. Muna jami'a ya sake durƙushewa a 2020, ga korona, ga yajin aikin ASUU na wata tara, sai wani na wata takwas a 2022. Karatun shekara huɗu ya ci mana shida. Muna fitowa aka cire tallafi, aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa kusan 460 ta haura 1,500. Masana suna cewa yanzu ba a cikin koma-baya ake ba, tattalin arziki ƙaruwa ma yake. To, mu dai tun da muka yi wayo ba mu taɓa jin wata magana ba sai "a ƙara haƙuri".

Da za ka zauna a teburin mai shayi da daddare ka ji hirar samari. Babu mai maganar sayen fili, balle gini. Maganar aure kuwa ta zama abin barkwanci, wanda aka sa wa rana an ɗaga masa sau biyu saboda lefe da kuɗin haya. Hira ta koma wa ya samu hanyar Saudiyya, wa ya bi ta Agadas, an ji ɗuriyarsa daga Libiya ko ba a ji ba. A layinmu kaɗai mutum biyu sun tafi, ɗaya har yau mahaifiyarsa tana ajiye waya kusa da matashin kai.

Kana son ka san aikin fasahar zamani da ya fi ɗaukar matasan Arewa a 2024? Mainin ne, wato haƙar kuɗin kirifto ta waya. Masu digiri da marasa shi, har da matan aure, kowa ya duƙufa yana dangwala allon waya dare da rana a wasan Hamster Kombat, ana jiran ranar fashewa. Da ta fashe a watan Satumba, da yawa abin da suka samu bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba. An yi ta yi mana dariya, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ba na musun shirin 3MTT na gwamnati na horas da matasa fasahar zamani, na san waɗanda suka koyi abin kirki a ciki. Sai dai wanda ya koya, ina zai kunna kwamfutar? A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, wanda ke biyowa ta Binuwai shi ma ya samu matsala. Masu walda da teloli da masu ƙanƙara suka rufe shago. A farkon 2025 kuma aka amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kashi 50 a kuɗin kira da data. Wane mai ba da aiki a intanet ne zai jira ka je shagon mai caji ka dawo?

An ƙara alawus ɗin masu bautar ƙasa daga 33,000 zuwa 77,000, mun gode. Ƙanwata tana karɓar 20,000 a wata daga NELFUND, asusun ba ɗalibai lamuni, ita ma ta gode, amma bashi ne, shekara biyu bayan bautar ƙasa za a fara neman sa, kuma ban san daga wane albashi za a cira ba. Taron matasa na kwana 30 da ka yi alƙawari ranar 1 ga Oktoba, 2024, sai a Maris na 2025 aka ƙaddamar da kwamitin shirya shi. Yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, waɗanda suka yi ta faɗuwa a gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja ranar 1 ga Nuwamba, ka sa an sake su, Allah ya saka. Abin da ya fito da su titi yana nan.

Baba, kai ne ka ce a bar talaka ya numfasa. Don Allah, ba shinkafar rabo nake roƙo ba. Ka umarci ministan sadarwa da na matasa su fito su faɗa wa 'yan ƙasa: cikin miliyan ɗayan nan nawa aka samar, nawa ne a Kano, nawa a Yobe, nawa a Zamfara, kuma nawa ake biyan kowannensu a wata. Waɗanda aka horas daban, waɗanda aka ɗauka aiki daban. Idan dubu hamsin ne, a ce dubu hamsin, za mu iya ɗauka. A ƙirga da tsohon mudu, wanda mutum zai iya ciyar da kansa da shi daga Asabar zuwa Juma'a.

Na gode, ranka ya daɗe.

Naka,
Wani matashi daga Kano