A Kula da Murfin Magudanar Wuraren Ninkaya

Ya Edita,

Ina neman fili a jaridarka domin jan hankalin masu otal-otal. Injin da ke zuƙo ruwa daga ƙasan kwamin ninkaya zuwa matatar yashi yana da ƙarfin da zai iya riƙe cikin yaro ko ya naɗe gashinsa, musamman idan magudanar ɗaya ce tak kuma murfinta ya tsage. Wannan haɗari ne ya sa Amurka ta kafa doka a 2007, wadda ta wajabta wa wuraren ninkaya na jama'a sanya murfin da aka ƙera don hana maƙalewa, da ƙarin kariya, kamar na'urar da ke kashe injin nan take, a inda magudanar ɗaya ce. Ina roƙon hukumominmu su riƙa duba wannan kafin ba da izini.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano