Baba, har yanzu ina zagaya mota kafin in kwanta

Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum Baba,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, da Inna, da su Yaya Sani da iyalinsa, da duk mutanen gida. Ya jikin ƙafar? Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Maman Abba tana durƙusawa tana gaishe ku, mai sunanka kuma ya ce in faɗa maka ya shiga izu biyu.

Bayan haka, na rubuto ne in yi maka barka da cika shekara 70. Na san abin da za ka ce tun kafin Sani ya gama karanta maka layin nan: yaushe muka fara ƙirga wa mutum ranar haihuwa kamar 'ya'yan Nasara? To ka yi haƙuri, ba kek zan aiko ba, ba kuma kyandir za a kunna maka ba. Addu'a ce kawai. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana mai albarka, ya bar mana kai, ya sa ka ga auren jikokinka. Lissafin ma ba nawa ba ne, na marigayiya Kaka ne, Allah ya jiƙanta, da take cewa ta haife ka da sanyin shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano, wato 1956, ranar Juma'a ana kiran salla. In da watan Musulunci za a bi ma, ka haura 72, don shekarar wata ta gaza ta rana da kwana goma sha ɗaya. Ka ga ragi na yi maka.

Mutanen nan ba sa wasa da ranar haihuwa. 'Yan ƙabilar Asante kowa da sunan ranarsa, kamar yadda muke da Ladi da Talatu da Ɗanlami, sai dai su nasu ya fi namu ƙarfi, har a takardun gwamnati za ka gan shi. Maƙwabcina na shago a kasuwar Kejetia da na ba shi labarinka sai ya ce ashe Kofi ne babanka, in gaishe masa da tsoho Kofi. Na ce masa in ya isa ya zo Kano ya faɗa da bakinsa. Ko Babban Limamin ƙasar nan, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da ya cika shekara 100 a 2019, ƙasar gaba ɗaya ce ta taya shi murna, Musulmi da Kirista. To in an yi wa Shehu, kai ma ka bari a yi maka.

Sai labarin motar da Sani ya tsegunta maka kafin in faɗa da kaina. Gaskiya ne, Allah ya nufa na saya. Toyota Camry ce ta 2016, ta hannu, daga Amurka aka sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Tema, na je Accra na tuƙo ta har gida, tafiyar kilomita wajen 250. Ba ta da wata matsala. Inji shiru kamar ba a kunne yake ba. Ni ne dai mai matsalar, kuma kai ka jawo min, shi ya sa na ce dole ka ji.

Ka tuna Fijo 504 ɗinka, haɗin Kaduna, da kake lodi da ita a Unguwa Uku? Kullum in ka dawo da dare sai ka kira ni in riƙe maka tocila. Ka miƙa hannu ka danne 'yan maɓallan ƙofofin baya ɗaya bayan ɗaya, ka ɗaga gilasai da hannu, ka fito ka murɗa makulli, sannan ka zagaya motar kana jan hannun kowace ƙofa, har da but. Ran da na ce ai ka riga ka kulle, me za a sake dubawa, ranƙwashi na sha. Shekara talatin ke nan, amma hannuna bai manta ba.

To wannan motar ba ta da makullin da ake zurawa. Wani ɗan rimot ne da bai kai akwatin ashana ba, yana aljihunka, shi ke nan. Ka taka birki ka danna maɓalli, ta tashi. In za ka kulle, ka taɓa wani ɗan wuri a jikin hannun ƙofa, ta yi ƙara sau ɗaya, fitilun sigina su ƙifta. Daren farko na ajiye ta a ƙofar gida, na taɓa, ta yi ƙara, ta kulle. Na zagaya na duba tayoyi, na dawo na ja hannun ƙofar direba don in tabbatar. Sai ta buɗe. Na sake kullewa, na ɗan jira, na ja. Ta buɗe. Baba, sau bakwai na yi. Gumi ya karyo min, na ce shi ke nan, dillali ya cuce ni, ya sayar min da motar da ba ta kulluwa. Daren nan tabarma na shimfiɗa a bakin ƙofa, sauron Aboabo ya yi biki a kaina har aka kira assalatu.

Da gari ya waye na wuce Suame Magazine. In ka zo sai na kai ka wurin nan, don irinku aka yi shi. Unguwa ce sukutum ta kanikawa da maƙera da masu kayan gyara, ƙarar guduma ba ta tsayawa, ƙasar wurin ma ta yi baƙi da man inji. A nan fita suke ce wa bakanike. Aka nuna min wani yaro mai gyaran wayoyin mota, ɗan Zango, bai fi shekara ashirin da biyar ba. Na zayyana masa komai da fushi. Ya saurare ni har na gama, sai ya ce, "Alhaji, ina makullin yake lokacin da kake jan ƙofar?" Na ce yana aljihuna mana, ina zai kasance? Ya juya baya kamar yana neman sufana, amma kafaɗunsa na rawa.

Ashe motar jin rimot ɗin take yi. Muddin yana kusa da hannun ƙofa, ƙasa da mita ɗaya, to duk wanda ya kama hannun ta ɗauka mai ita ne ya dawo, sai ta buɗe masa. Wato ni nake kullewa, ni nake buɗewa, ni kuma nake zagin dillali. Yaron ya karɓi rimot ɗin ya tafi can bakin titi ya ce in ja. Na ja, na jijjiga, ko motsi. Na ba shi kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce labarin da zai bayar ya ishe shi.

Tun da na riga na zubar da girma, sai na zauna a kan benci na ce ya koya min sauran. Akwai ƙaramin makullin ƙarfe a ɓoye cikin rimot ɗin, ana zaro shi a buɗe ƙofar direba ran da batir ya mutu. Batirin irin na agogo ne mai faɗi, CR2032, ana samunsa ko'ina. In ya yi sanyi motar ta ƙi tashi, sai ka kara rimot ɗin a jikin maɓallin tayarwa, za ta gane shi. In ka manta shi a kan kujera ka fito ka ce za ka kulle, sai ta yi doguwar ƙara ta ƙi. Wannan kam na yaba, don ka san sau nawa muka nemo wayar shanya muna zura wa Fijo ta gefen gilashi. In kuma ka buɗe ta da rimot daga nesa ka tsaya surutu ba ka buɗe ƙofa ba, bayan minti ɗaya sai ta mayar da kanta ta kulle. A kan wannan na riga na yi wa Abba faɗa a banza, na ce shi ke wasa da rimot. Sai da na saya masa tsire, wanda a nan suke kira cicinga, kafin ya huce. Da na saka giya kuma sai ka ji ƙarar kulle ta ko'ina, duk ƙofofin sun rufe kansu. Ranar farko Maman Abba salati ta yi, ta ɗauka wani ne ya doki motar. Yanzu ita ke jin daɗin abin in mun shiga cunkoson Kejetia jakarta na kan cinya.

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne na ranar Juma'ar da ta wuce. Na ɗauko Malam limamin masallacinmu zan kai shi ɗaurin aure a Asawase, ya zauna a baya. Muka iso, na fito ina gaisawa da jama'a, Malam bai fito ba. Mutane sun yi layi suna jira, wasu har sun fara cewa yau Malam sarauta yake ji, sai an buɗe masa. Na leƙa sai na gan shi yana ta jan hannun ƙofa ta ciki, yana yi min nuni da carbi. Na ruga na buɗe ta waje. Ya fito yana gyara rawani ya ce, "Kai da na roƙa ka kawo ni, ashe ɗaure ni za ka yi." A gefen ƙofar baya, wurin da ba a gani sai ƙofa na buɗe, akwai wani ɗan harshe da ake turawa saboda yara, in an tura shi ƙofar ba ta buɗuwa ta ciki. Da alama wanda ya riƙe ta a Amurka mai ƙananan yara ne. Na mayar da na ɓangaren da manya ke zama, na bar ɗayan don Abba da ƙanwarsa. Malam ya yafe, amma har yau in ya gan ni a sahu sai ya tambaye ni ya gidan yarin.

Duk da haka ban daina zagayen ba. Na gwada kwana biyu in taɓa hannun ƙofa in shige gida kamar yadda masu irinta suke yi, barci ya ƙi zuwa. Yanzu abin da muke yi, in na kulle sai in ba Abba rimot ɗin ya shiga da shi can tsakar gida, ni kuma in bi ƙofofin huɗu da but ina ja. Shi ma ya fara cewa ai ta riga ta yi ƙara, me za a sake dubawa. Ban ranƙwashe shi ba, amma na kusa.

Na tura wa Sani kuɗi, a sayi rago a yi sadaka ranar Juma'a, a kira almajiran Malam na bakin layi su yi sauka, sauran kuma a sayo maka maganin ƙafar nan na wata uku, kada a jira ya ƙare. Akwai shadda da goro da zan bayar a kawo in mai zuwa ya samu. A ce wa Inna turmin atamfarta yana nan ban manta ba. Zan kira ranar da misalin ƙarfe tara na safe agogonku, mu nan takwas ke nan, a ajiye wayar kusa da kai.

In Allah ya kai mu babbar salla ina so in taho da motar ta Aflao da Lome da Kwatano in shigo ta Legas, in takardun kan iyaka sun kammala. Ka shirya, kai za ka ja mu zuwa Idi, in zauna a gefe riƙe da rimot.

Ka huta lafiya. A sa mu a addu'a.

Ɗanka,
Habibu