Sulhu daban, jituwa daban

Edita, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, shirinku na daren Lahadi ya ɓata mini rai. Baƙon da kuka gayyato ya ce sulhu da jituwa da zaman lafiya duk abu ɗaya ne, wai wanda ya zo bakinka kawai ka ɗauka. Mai gabatarwa kuwa ko uffan bai ce ba, sai ma ya ce masa madalla.

Wallahi ba ɗaya ba ne, kuma a gidanmu na koyi haka. Da mahaifinmu ya rasu, yayyena biyu suka saɓa kan gado har suka daina gaisawa. Kawunmu ya tara su, aka yi nasiha, aka raba abin da za a raba, suka yi musabaha a gabanmu. Wannan shi ne sulhu, kuma ya yi amfani, don ba a sake ɗaga murya ba. Amma yau shekara 3 ke nan, in Yaya babba ya zo gaida Inna ya hangi takalman ƙanensa a bakin ƙofa, sai ya yi sallama daga waje, ya ce zai dawo anjima. Inna ta bi shi da ido, ta sunkuyar da kai. Zaman lafiya dai ana yi, ba faɗa ba zagi, sai dai zaman 'yan marina ne, kowa da inda ya sa gaba. Wa zai kalli wannan ya ce sun jitu?

Sulhu ana yi wa mutane shi, da mai shiga tsakani da shaidu, a rana ɗaya a gama. Shi ya sa muke cewa an yi musu sulhu. Ba mu taɓa cewa an yi musu jituwa, sai dai sun jitu, don wannan daga zuciya take fitowa, ba mai sa ka dole. Ko sulhun Hudaibiyya, a shekara ta 6 bayan hijira, yarjejeniyar ajiye makamai ce tsakanin Musulmi da Ƙuraishawa, ba wai jininsu ya haɗu ba ne a ranar. Aya ta 128 a Suratun Nisa'i ta ce sulhu alheri ne, ni ma ban raina shi ba. Amma in kuka gaya wa masu sauraro cewa da an sha hannu an jitu, sai dattawa su kakkaɓe riga su tafi, su bar irin Innarmu da ciwonta.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin magana. Inna kunnenta ya yi nauyi, rabin shirin sai na riƙa maimaita mata.

Ina roƙon ku sake kawo batun nan mako mai zuwa, ku buɗe layi mu kira.

Naku,
Mai sauraronku kullum