Wasiƙar godiya ga cibiyar darasin yamma da ke shirya yaranmu wa JAMB da WAEC

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe shugaban cibiya, tare da malaman lissafinka.

Mu malaman lissafi ne a makarantun sakandare da ke nan Zariya. Ɗalibanmu na aji shida da yawa suna zuwa wurinku da yamma, kuma littattafan aikinsu suna dawowa hannunmu. Abin da muke gani a ciki ne ya sa muka rubuto, musamman yadda kuke koyar da tambayoyin matsakaici waɗanda ɓangarorinsu ba su yi nauyi ɗaya ba.

Duk wanda ya taɓa duba takardun yara ya san inda suke faɗuwa. A ce aji ɗaya ɗalibai 30 ne, matsakaicin makinsu 60, ɗaya ajin kuma ɗalibai 20, matsakaicinsu 75, a nemo matsakaicin ajin biyu a haɗe. Nan take yaro zai haɗa 60 da 75 ya raba biyu, ya samu 67.5. Masu tsara tambayoyi sun san da wannan, shi ya sa amsar banzar kan zauna a cikin zaɓin, tana jiran mai gaggawa. A littafin ɗalibinku kuwa, layin farko shi ne mayar da kowane matsakaici zuwa jimillarsa: 30 sau 60 ya ba da 1,800, 20 sau 75 ya ba da 1,500, a haɗa 3,300, a raba da ɗalibai 50, amsa 66. Kun hana su taɓa rabawa sai sun rubuta jimilla da adadi, kowanne a gidansa. Wannan ƙa'ida ɗaya ta rufe ƙofar kuskuren.

Abin da ya fi burge mu shi ne binciken da kuke sa su yi kafin su fara lissafi. Ana tambayar yaro: wane ɓangare ne ya fi yawa? Tunda ajin mai ɗalibai 30 ne ya rinjaya, dole amsar ta karkata wajen 60, wato ta gaza 67.5. Da wannan kaɗai yakan zubar da zaɓi biyu. A jarrabawar JAMB, inda ɗalibi ke da tambayoyi 180 cikin awa biyu, arba'in daga ciki na lissafi, irin wannan hangen yana ceto lokaci sosai. Kun kuma ƙara musu gajeriyar hanya ta sikeli: tazarar 60 da 75 ita ce 15, nauyin ɓangarorin uku da biyu, a raba 15 gida biyar, kowane gida 3, a matsa gida biyu daga 60, a sauka kan 66. Daidai ne da kuka jinkirta wannan dabara har sai doguwar hanyar ta zauna, domin yaron da ya fara da ita yakan juya nauyin, ya matsa gida uku ya samu 69.

Misalanku ma na gida ne. Mai awo ya gauraya mudu 10 na shinkafar naira 1,500 da mudu 15 na ta naira 2,000. Kuɗinsa 45,000 ne a kan mudu 25, saboda haka mudu ya tsaya masa 1,800, ba 1,750 ba. Yaron da ya taso yana zuwa kasuwar Sabon Gari ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan.

Tambayar gudun mota ce ta fi wahalar da su, kuma a kanta kuka fi tsayawa. Direba ya yi kilomita 120 da gudun 60 a awa, ya dawo da gudun 40. Nisan ɗaya ne, sai yaro ya ɗauka nauyin ma ɗaya ne, ya ce 50. Alhali nauyin a nan lokaci ne: awa 2 zuwa, awa 3 dawowa, kilomita 240 cikin awa 5, amsa 48. Mun ga kuna sa su rubuta "nauyin a nan shi ne" su cike gurbin da kansu, ko yawan mutane, ko mudu, ko awa, ko kaso cikin ɗari. Idan gwajin zango yana da kaso 40, jarrabawa kaso 60, wanda ya ci 70 da 50 makinsa 58 ne. Haka za su tarar ana lissafa sakamakonsu a jami'a, inda darasi mai yunit 3 ya fi mai yunit 1 tasiri.

Roƙonmu ɗaya ne: a ƙara yawan tambayoyin da ake bi ta baya, irin a ce matsakaicin lambobi biyar 12 ne, an ƙara ta shida ya koma 13, a nemo ta shidan. Har yanzu wasu ba sa ganin cewa 78 (6 sau 13) a cire 60 (5 sau 12) ne, wato 18.

Allah ya saka muku da alheri, ya ba yaranmu sa'a a jarrabawar bana.

Naku,
Wasu malaman lissafi na sakandare, Zariya.