Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar Ilimin Bai Ɗaya (SUBEB) Ta Jihar Kano: A Samar Wa Malamar Rabin Aji Mataimakiya

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Muna yi maka fatan alheri, Allah ya taya riƙo.

Maganar rabin aji, wato ajin share fage kafin aji ɗaya, ce ta kawo mu, musamman sabuwar malamar da ake turawa can ita kaɗai, a rufe ƙofa a tafi.

Ka fi mu sanin abin da ke rubuce. Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2013, ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, ta ce malami ɗaya yara 25, a koyar da harshen gida, ta hanyar wasa. Dokar Ilimin Bai Ɗaya (UBE) ta 2004 ta sa renon ƙananan yara cikin ilimin bai ɗaya, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin wannan ilimi. A watan Yunin 2024 kuma gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, muka tafa. To ranka ya daɗe, ta-ɓacin nan ya san hanyar rabin aji kuwa, ko a ofishin hedimasta ya tsaya shan ruwa?

Ga yadda ranar malamar take. Kafin takwas ta share ɗaki, ta kakkaɓe tabarmi, ta cika butoci. Tana tsaye bakin ƙofa tana karɓar yara ɗaya bayan ɗaya, domin a nan ake gane mai zafin jiki, mai jan ido, mai makero a ka, da wanda ya fito bai karya ba. Makon farko da na biyu kuka ne ya fi yawa, kuma mai kuka ba tsawa yake so ba, cinya yake so. Daga nan a yi da'ira, a yi waƙa, a yi tatsuniya. Ɗan shekara biyar da wuya ya natsu kan abu ɗaya fiye da minti 10 zuwa 15, saboda haka dole ta sauya aiki kafin su sauya mata da kansu. Ba a fara wa yaro da fensir. Sai ya murza yumɓu, ya yage takarda, ya zura duwatsun wuya a zare, ya zana da yatsa a faifan yashi, har yatsu uku su yi ƙarfin riƙe alli. Ƙirga kuwa da murafun kwalba da tsakuwa ake yin ta, a rukuni na yara biyar ko shida, malama tana zagayawa tana ganin wanda ke taɓa murfi ɗaya sau biyu.

A nan daɗin aikin yake, kuma shi ke riƙe malama duk da albashin da ka sani. Yaron da ya yi mako biyu manne da bango ya wayi gari yana jan baitin waƙa. Yarinya ta hango harafin farko na sunanta a jikin buhun siminti ta rugo da gudu ta faɗa. Wanda ba ya magana ya ce "Malama, ni ma a ba ni." Amma duk wannan sai malama ta ga yaron, ta san sunansa, ta durƙusa daidai tsayinsa.

Yanzu a yi lissafi. A ɗauka yara 75 ne a ɗakin, ninki uku na ƙa'ida, kuma duk mai zagayen makarantun cikin gari ya san ba mu yi zuzutawa ba. A ce kashi ɗaya cikin uku ne kawai za su nemi zagayawa. Kai yaro ban ɗaki, kwance masa wando, tsarki, wanke hannu da sabulu, a dawo, ba ya gaza minti biyar. Yara 25, minti 125 ke nan, sama da awa biyu cikin yinin da bai fi awa huɗu ba. A cikin waɗannan awanni wa ke tare da sauran? Ba kowa. A nan ne ake cusa tsakuwa a hanci, a ciji kunne, wani ya sulale ya bi mai alawa har bakin titi. Idan kuma ta ƙi fita, a jiƙa tabarma, sai shanya, sai zaman ƙasa.

Sabuwar malama ba ta wata guda take gane cewa abin da aka koya mata shekara uku a kwaleji ba zai yiwu a nan ba. Sai ta tattara yumɓu da murafu ta kulle a kwali, ta ɗauki tsumagiya, ta tsaya gaban allo: "A, B, C, ku maimaita!" Hadda da ihu ne kaɗai ke riƙe taro irin wannan da mutum ɗaya. Daga baya mai duba makarantu ya zo ya rubuta cewa ba ta koyarwa ta hanyar wasa. Da wane hannun?

Don Allah, ranka ya daɗe, a dubi wannan baiwar Allah. Ba ma roƙon kwamfuta, ba ma roƙon lilo mai fenti na ɗaukar hoto. Mace ɗaya muke roƙo a kowane rabin aji, mai raino, 'yar unguwar, wadda iyaye suka sani. Kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) da ƙungiyar iyaye mata za su iya zaɓo ta. A ba ta horon 'yan kwanaki kan tsarki, wanke hannu, taimakon gaggawa da hana duka, a sa mata alawus na wata wanda zai fito daga hukuma, ba daga aljihun malama ko karo-karon iyaye ba. Aikinta ban ɗaki, ruwa, kuka da bakin ƙofa. Aikin malama koyarwa.

Sai a haɗa da umarni biyu ga sakatarorin ilimi. A yi rajista da shekaru, domin rabin cunkoson nan ƙanne ne 'yan shekara uku da yayye ke ajiyewa su wuce ajinsu. Sannan hedimasta ya daina janye malamar duk ranar da malamin aji huɗu bai zo ba, kamar yaran nan kaya ne da za a bari a ɗaki.

Akwai sauran: ban ɗaki mai ƙaramin rami kusa da ajin, manhajar hukumar tsara manhaja ta ƙasa (NERDC) da malamai da yawa sai labarinta suke ji, da masu shaidar malanta ta NCE ta ilimin ƙananan yara da ake kai wa aji shida. Waɗannan za su iya jiran wata wasiƙar.

Abin da muke so mu gani kafin zangon karatu mai zuwa shi ne takardar umarni ɗauke da sa hannunka, da layin alawus ɗin masu raino a cikin tsarin ayyukan da hukumarka ke miƙa wa hukumar ilimin bai ɗaya ta tarayya (UBEC) ko a kasafin jiha. Idan kuɗin ba za su kai ko'ina ba, a fara da makarantun da rajistar rabin ajinsu ta haura 50, a kuma buga sunayensu mu gani.

Wassalam.

Daga wasu masu horar da malaman ƙananan yara, Kano.